Hoton Wuyan Gwaggo Tanoma

Filinge, ranar Lahadi, bayan an taso daga kasuwa

Ɗiyata,

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya raya ki har kika ga wannan rana. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidan da kike zaune a Yamai, da malamanki na asibiti waɗanda suka tsaya miki har tafiyar nan ta tabbata. Innarki na gaishe ki, ƙannenki ma haka. Mu nan lafiya lau, an gama yankan hatsi, ana ta ɗaurin damma. Allah ya kiyaye hanyarki ta ƙasa da ta sama, ya sauke ki cikin mutanen kirki, ya maido mana da ke da ƙafafunki.

Za ki yi mamakin ganin takarda, tunda kullum muna waya. To, kin san halina a waya: lafiya, lafiya, ina aiki, Allah ya yi albarka, sai in miƙa wa innarki. Bakina bai iya doguwar magana da ke ba, amma hannuna ya saba da alli da alƙalami. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba direban kar ɗin safe, motar fasinjan Yamai, ya kawo miki. Ki karanta ta a zaune, ba a tsaye tsakanin mara lafiya da mara lafiya ba.

Ranar da kika kira kika ce takardun tafiya sun fito, kin ƙara wata magana a ƙarshe, kamar abin da ba shi da nauyi. Kika ce: “Baba, hoton nan na wuyan Gwaggo Tanoma da muka ɗauka bara, da shi zan tafi, a kansa zan fara rubutu. Malamina na can ya ce irinsa ba a cika samu ba, mujalla za ta karɓa. Ba za a sa sunanta ba, ba wanda zai san ita ce. Ka dai gaya mata.” Na ce to. Wannan “to” ɗin ita ta hana ni sukuni, ita ce kuma dalilin wasiƙar nan.

Bari in faɗi aikinki yadda na fahimce shi, in na kauce ki yi mini dariya ke kaɗai. A wuyan kowane mutum akwai wata ƴar tsoka da ke sakin wani ruwa cikin jini, shi ke saita gudun jiki. In ta yi kasala, mutum ya yi nauyi, ya riƙa jin sanyi da barci. In ta wuce ƙima, zuciya ta riƙa dukan ƙirji, hannu na rawa, mutum na ci yana ramewa. Ku kuma kuna yi wa mutum allurar wani magani ɗan kaɗan mai fitar da hasken da ido ba ya gani, tsokar ta zuƙe shi, na'ura ta ɗauki hoton inda ya taru. Hoton ƙashi kowa ya san shi. Naku hoton aiki ne, yana nuna wane gefe ke barci, wane gefe ke gudu. Duk wanda ya tambaye ni a masallaci haka nake gaya masa, kuma har yau ba wanda ya ƙaryata ni, don ba wanda ya fi ni sani a sahun.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda kika yi mini bayani da Babbar Salla, da na ga kina ta leƙa waya ana cikin cin nama. Kika ce a duniyarku ba a auna likita mai bincike da marasa lafiyar da ya tayar kaɗai. Ana auna shi da yawan maƙalolin da ya buga, da kuma sau nawa wasu masana suka ambaci sunansa cikin nasu rubutun. Kika ce akwai na'urar da aikinta ke nan, ƙirga wannan ambato, kuma da ƙidayar ake ba da kujera, da ita ake gayyata taro. Kika ce mu nan cutar tana wurinmu, rubutun yana wurinsu, suna ta ambaton juna, mu ba a cika jin ɗuriyarmu ba. Na ga yadda fuskarki ta yi da kika faɗi haka. Ban ga laifinki ba, ni ma ina so a ji ku. Amma na san wannan yunwar, don ta taɓa cina, kuma zan gaya miki inda ta kai ni.

Lokacin da aka fara tura ni koyarwa wani ƙauye ta wajen Sanam, mu ma da ƙidaya ake auna mu. Ƙarshen shekara sufeto zai tara malaman lakwal, wato makarantar boko, ya karanto wa ya fitar da yara nawa a jarrabawar satifika ta gama firamare. Wanda aka fara kiran sunansa, har zaman hularsa yakan canza. Ni kuwa ina da ƙuruciya, ina son a kira ni. Sai na koyi dabara. Masu kaifin kai na jera su bencin gaba, na zuba musu duk ƙarfina. Sauran na tura su baya. Wanda na ga ba zai ci ba, ban ma sa shi cikin masu zana jarrabawar ba, don kada ya ja mini lissafi ƙasa.

Cikin na bayan akwai wata yarinya, Hajo. Wuyanta ya ɗan cika, kamar na mata da yawa a yankin a zamanin, kafin gishiri mai iyod ya wadata. Kullum tana ƙudundune, kullum tana gyangyaɗi. In ka yi mata tambaya sai ka gaji da jira kafin amsa ta fito. Amsar takan fito daidai, amma ni ba ni da lokacin jira. Na laƙaba mata Malalaciya, yara suka ɗauka. Shekara ta zagayo ubanta ya cire ta, ni kuma na ji an sauke mini kaya. A shekarar ne sufeto ya fara da sunana.

Sai da kika shiga karatun likita, wani hutu kina bita a tsakar gida, kina jero alamomin tsokar nan in ta yi kasala, na ji kamar Hajo kike kwatanta mini. Na ɗauki buta na fita. Ban sani ba ko ciwon ne, ba wanda ya auna ta a lokacin. Abin da na sani shi ne ban tambaya ba. Tana nan da ranta, tana sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa a kasuwa. Yau ma na bi ta gabanta, ta rusuna ta ce, “Mushe, ina wuni,” yadda ake kiran malamin lakwal, da ladabin da ban cancanta ba. Jikanta ne ke karanta mata saƙo a waya.

Don haka ki ji. Duk inda ake ƙirga mutum, zai fara zaɓen abin da ke ƙirguwa, kuma ba zai san ranar da ya fara ba. Za ki ga ciwon da rubutu a kansa ke jawo ambato, ki ga wanda ba ya jawowa ko da shi ne ya cika layin asibiti. Maƙoƙon matan ƙauye tsohon labari ne, ba mai tafa miki a kansa. Kada ki tura shi bencin baya. In kuma sakamakon bincike ya fito ba yadda kike so ba, kada ki zare shi daga lissafi yadda na zare yara. Ki rubuta shi yadda ya zo, ko da ba wanda zai waiwaye shi.

Na biyu ya fi kusa da gida, don ya shafi mai wuyan da kike son tafiya da hotonsa.

Gwaggonki Tanoma yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni. Ni aka kai lakwal, na zo Filinge, na kama salla, na zama Mushe. Ita ta zauna ƙauye kan abin da kakanninmu na Kurfai suka bari. Kin san ita ce mai kiran iskoki in an yi wasa bayan kaka, mai goge na ja, mata na kaɗa ƙwarya, ita tana waƙa. Abin da wataƙila ba ki lura ba, tunda ban cika barinki zuwa wurin ba, shi ne ba ta taɓa faɗawa cikin waƙa kai tsaye. Sai ta tsaya ta kira matan da ta karɓi waƙoƙin daga bakinsu, ɗaya bayan ɗaya: wagga daga wance na jiya ta, ita kuma daga wance. Wasu ta san su, wasu sun mutu tun ba a haife ta ba. Sai ta gama da su kaf sannan mai goge ya ɗora. Tana kiransu uwayena.

Wata shekara wani baƙo ya zo daga Yamai da rikoda, yana tattara waƙoƙin gargajiya don rediyo. Bazabarme ne, Hausarmu ba ta zauna masa ba, aka haɗa shi da ni in yi masa tafinta. Na kai shi gidan Yaya. Ta shirya, ta fara kiran sunayen nan. Baƙon ya ɗora yatsa zai danna, ya tambaye ni da Faransanci ko an fara. Na ce masa a'a, gaishe-gaishe ne kawai, ya jira kada ya ɓata kaset. Gaskiyar magana kunya nake ji. Ga ni cikin riga da wando irin na ma'aikata, ga yayata tana jero sunayen tsofaffin matan da ba su taɓa fuskantar gabas ba. So nake a wuce wurin da sauri.

Da aka saki waƙar a rediyo, mai gabatarwa ya ce waƙar Kurfai ce, an samo ta ta hannun Mushe wane na Filinge. Sunana ya faɗa. Ranar kasuwa mutane suka riƙa tare ni ana ba ni hannu, kaina ya kumbura. Duk lokacin da aka maimaita sai an zo an gaya mini, ni kuwa ina ajiye lissafi a zuci, kamar yadda kike leƙa wayarki.

Da na je ƙauye na ɗauka za ta yi fushi don ba a faɗi sunanta ba, har na shirya amsa tun a hanya. Na same ta tana surfe, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Auta, na jiya muryata cikin akwatin. Ina uwayena?”

Na ce, “Waɗanne, Yaya?”

Ta ce, “Waɗanda na kira. Waƙa ta fito tsirara, ba mai riƙe da ita. Wa yay yanke su?”

Na ce aikin rediyo ne, lokaci ne ba su da shi. Ta dube ni, irin dubanta na lokacin da nake yaro in na taɓa fura. Ta ce to. Ba ta sake tada maganar ba, ba ta kuma sake waƙa gaban na'ura ba har yau.

Ranar da kika nuna mini wata maƙala a wayarki, na ga jerin sunaye ƙanana a ƙarshe, kika ce waɗannan su ne waɗanda marubucin ya ɗauko daga wurinsu. Nan take na gane abin. Aikin Yaya ne, sai dai ku a ƙarshe kuke yi, ita a farko. Ke yanzu kina kallon ambato ta gefen wanda ake kira. Ina so ki riƙa kallonsa ta gefen mai kira, don nan ne kaɗai yake hannunki. Duk wanda kika ɗauki wani abu a wurinsa ki kira shi, ko da likita ne na wani ƙaramin asibiti a ƙasarmu ko maƙwabta, wanda ya rubuta shafi biyu ba wanda ya karanta. Kada ki cika jerinki da manyan sunaye don su juyo su dube ki. In wani babba ya ce a sa sunansa kan aikin da bai taɓa ba, ko a zare na wanda ya yi wahalar, ki tuna da ubanki cikin rigar ma'aikata yana cewa gaishe-gaishe ne kawai. Ba na so wata rana wani ya tambaye ki wa ya yanke shi.

Yanzu ga maganar hoton.

Maƙoƙon Yaya ya girme ki. Da duwatsun wuya take rufe shi, tana cewa nan iskarta ke zama, ba mai taɓawa. Shekara da shekaru bai dame ta ba. Sai ta fara ramewa alhali tana ci kamar mai noma, hannu na rawa har ƙwarya na kuɓuce mata, in ta kwanta numfashi na sarƙewa. A ƙauye aka ce iskar ce ke neman wasa. Aka yi wasa, aka yanka abin yankawa, ba sauƙi. Ke kika zo kika riƙe hannunta, kika saurari ƙirjinta, kika ce a kai ta Yamai ba da jimawa ba. A nan ke ce da gaskiya, ita ce ta yi kuskure, kuma jinkirin ya kusa tafiya da ita. Kada ki karanta wasiƙar nan ki ɗauka ina fifita goge a kan na'urarki.

Ta ƙi, kin tuna. Ba allurar ta ƙi ba, hoton ta ƙi. Ta ce ba a leƙa ɗakin da baƙo ke ciki. Mun lallaɓo ta har tashar Filinge, ta zauna kan buhu ta ce ba inda za ta. Ke kin riga kin wuce gaba don shirya mata wuri, don haka ba ki ji abin da na faɗa ba. Na durƙusa gabanta na ce, “Yaya, ba mai ganin hoton nan sai ɗiyarki. Ita kaɗai, ta gani ta ɓoye.” Ban tambaye ki ba kafin in faɗa. Na kuma san maganar ba ta cika ba, tunda akwai malamanki. Mota nake so ta shiga, ta kuwa shiga.

Sauran kin fi ni sani. Kika fito kika nuna mini takardar mai ɗigo-ɗigo, kika ce maƙoƙon da kowa ke gani a waje kusan barci yake, wani reshe ne ya sauka bayan ƙashin ƙirji, shi ke ta aiki ba tsayawa, shi ke danne mata hanyar numfashi. Aka ba ta magani har jiki ya natsu, daga baya aka yi mata aiki. Yau tana daka da hannunta. Muryar ce dai ta dushe, ba ta iya jan waƙa kamar da, kuma ƙarfin da ba na yanzu ba ne.

Kin ga inda na tsaya ke nan. Na yi mata alkawari da sunanki ban tambaye ki ba, na kuma ce miki to da sunanta ban tambaye ta ba. Halin tafinta ne ya bi ni har tsufa: in tsaya tsakanin mutum biyu, in gaya wa kowa abin da zai sa magana ta wuce lami lafiya. Ki kiyayi wannan a aikinki. Inda za ki, da ma nan gida, za ki riƙa neman yardar mutane kafin ki yi rubutu a kansu. Yardar da ta biyo ta bakin miji, ko ƙane, ko ɗa, ko mai fassara, ki riƙa tuhumarta. Mu masu tsayawa tsakani muna da saurin cewa ta yarda.

Ranar Juma'a da safe na hau babur na tafi ƙauye. Na same ta gindin rumbu tana ɓarar wake. Bayan gaisuwa na fara kewaye-kewaye, ina tambayar damana da awaki. Ta ce, “Auta, tahiyarka ta faɗa mini da magana kaz zo. Aje ta.”

Na gaya mata za ki tafi ƙasar waje ƙaro karatu, kina son tafiya da hoton, ki yi rubutu a kansa.

Ta ce, “Hoton da kac ce ba mai gani?”

Na ce, “Shi, Yaya.”

“Yanzu wa za ya gani?”

Na ce, “Likitocin duniya. Don in wata mace ta zo musu da irin naki, su san inda za su duba.”

Ta ci gaba da ɓarar wakenta. Can ta ce, “Wagga ba mugunyar magana ba ce.” Na ji daɗi, sai na yi gaggawar ƙara abin da na ɗauka zai ƙarasa kwantar mata da rai. Na ce, “Kuma ba za a sa sunanki ba, ba mai sanin ke ce.”

Ta aje faifan a ƙasa. Ta ce, “Kuma dai?”

Ban taɓa zaton tana riƙe da maganar rediyo ba. Ashe tana nan inda na bar ta. Na ce doka ce ta likitoci, don a rufa wa mara lafiya asiri, kuma doka ce mai kyau. Ta ce, “Wa yac ce ina da abin kunya ga wuyana? Innarmu da shi ta shiga kabari, kakarmu haka nan. Kai ka ga hoton?”

Na ce na gani.

Ta ce, “Ita ta gani, malamanta sun gani, yanzu Turawa za su gani. Ni mai wuyan ban gani ba.”

Na yi ta tunani ko akwai lokacin da aka nuna mata, ban samu ba. Mun tsaya a baranda ni da ke muna duba takardar, muna magana da Faransanci, ita tana zaune kan benci tana gyara ɗankwali. Ba mugunta muka yi ba, murna ce ta ɗauke mu, an gano ciwo. Amma ba wanda ya juya ya ce mata ga shi.

Ta ce, “Ba ni ba ka amsa. Kai tafinta ne, kuma na san tafintarka. Ta taho da kanta, ta zamna nan inda kake, ta gwada mini abin da anka gani cikin wuyana, ta faɗa mini shi da Hausa. Sannan ta roƙa, in ba ta amsa. In na yarda, ta kira ni. Ban son a kai ni garin mutane tsirara.”

Na ce mata kwanakinki sun ƙure, ga shirye-shirye, ga hanya. Don ta gane dalilin gaggawar, na yi mata bayanin ƙidayar nan taku, yadda ake auna mutum da yawan masu kiran sunansa. Na ɗauka za ta yi tsaki. Dariya ta yi, da dusasshiyar muryar nan. Ta ce, “Yarinyar da ta tashi gidan da ba a kiran sunanta, ba dole ta tafi neman inda za a kira ba? Ka taɓa kiranta?”

Na ce, “Yaya, ɗiyar fari ce.”

Ta ce, “Na sani, ni na yanke mata cibi. Al'ada ta hana ka kiran suna. Ta hana ka cewa kin yi ƙoƙari?”

Da wannan na dawo gida, ita nake ta juyawa tun shekaranjiya. Ke ce ta fari, don haka ni da innarki ba mu kiran sunanki, kamar yadda iyayenmu ba su kira na Yaya ba. Sai ke, sai yarinyar nan, da kika girma na koma tsokanarki da Lokotoro, wato likita. Wannan kunya ce, ban ce laifi ba ce. Amma na ɓuya a bayanta na hana ki abin da ba ta hana ba. Ranar da sakamakonki na gama lise, wato sakandare, ya fito, kika shigo da gudu, na ce to madalla, na ɗauki carbi na tafi masallaci. A can na hana mutane sakat da labarinki har liman ya ce in bari a yi salla. Duk Filinge ta san ina alfahari da ke, ke kaɗai ce ban gaya wa ba. Na ji zafin wannan da Yaya ta faɗa, kuma ina jin sa yanzu da nake rubutawa.

Saboda haka kada ki tafi da yunwa. Mai jin yunwar a kira shi yakan yarda da abin da bai kamata ba, ni shaida ne. Ki yi rubutu, ki yi da yawa, ki sa matanmu cikin littattafan da ake koyar da likitoci da su. In an ambace ki, ki gode wa Allah. In shekara ta wuce lambar nan ta wayarki ba ta motsa ba, kada ki ɗauka ke ce ba ki motsa ba. Akwai tsohuwa a Kurfai da ke numfashi a kwance saboda ke, kuma na'urarku ba ta san da ita ba.

Ga abin da nake roƙo. Tun da hanyar nan ta lalace ban taɓa ce miki ki hau ta ba, kullum cewa nake ki zauna inda kike. Yau ina cewa ki taho. Ki hau kar ɗin safe, ki iso da rana tsaka, mu wuce ƙauye tare, ki kwana ɗaya ki koma. Ki zo da hoton a takarda, babba, wanda idonta zai gani. Ni zan zauna nesa, ba zan fassara ko kalma ɗaya ba. Maganar suna kuwa, ki tambayi malamanki abin da dokarku ta ce in mai jikin ce da kanta ke so a kira ta. Kin taɓa ce mini akwai wurin godiya a ƙarshen maƙala. In da hali, ki yi. In babu, ki gaya mata dalili da bakinki, tana da hankalin da za ta auna. In kuma ta ce a'a, ki bar hoton a Yamai ki tafi hannu wofi. Allah zai ba ki wani abin rubutawa. Karatunki na shekaru ne, ita kuwa na ga yadda take dafa rumbu kafin ta miƙe. Ba na so ki dawo da mujalla a hannu ki tarar ba wanda za ki nuna wa.

Allah ya tsare ki a tasha da cikin jirgi, ya tsare ki a ɗakin da za ki kwana ke kaɗai. Ya tsare hannunki daga cutar da wanda ya miƙa miki wuyansa, ya tsare alƙalaminki daga ƙari da ragi. Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa, ko da ba su san sunanSa yadda muka sani ba. Ya sa ki gama lafiya, ki dawo ki same mu.

Innarki ta leƙo ta ce me nake rubutawa haka tun azahar, fura ta yi tsami. Na ce saura layi ɗaya. Shi ne ya fi ba ni wuya, na daɗe ina juya alƙalami a kansa. Tun ranar da aka yanka ragonki bai fita daga bakina ba, bai kuma fita daga hannuna zuwa gare ki ba.

Ramatu. Kin yi ƙoƙari, Ramatu. Ki taho gida kafin ki tafi, gwaggonki na jiran ta ga wuyanta. Zan tsaya a tasha, in motar ta tsaya ki saurara, da baki zan kira ki.

Ubanki